Mutumin da Ya Kayar da Ni a Gwajin Tuƙi

Ina da shekara hamsin da ɗaya na fara riƙe sitiyari, kuma ba don sha'awa ba. Idon maigidana ne ya fara mutuwa. Shekara talatin ya yi yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, bai fi shekara biyu da yin ritaya ba likita ya ce masa jijiyar idon ce take lalacewa, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a yi ƙoƙarin tare saura. Gefe-gefe ya fara daina gani. Wata Lahadi muna dawowa daga majami'a ya goge baron wani mai lemo a bakin kasuwar Samaru, bai ma san ya taɓa shi ba sai da ya ji ihu, lemo na ta gangarawa cikin kwata. Da muka iso gida ya kashe motar, ya daɗe a zaune hannunsa a kan sitiyari, sannan ya zare makulli ya ɗora mini a cinya.

Allah bai ba mu haihuwa ba. Mun yi kukanmu tun da daɗewa, mun share hawaye, mun ci gaba da zamanmu mu biyu. Ni malamar lissafi ce a wata sakandare a Samaru. 'Ya'yan mutane da suka bi ta hannuna ba su ƙirguwa, amma babu ko ɗaya da zan ce wa tashi ka kai babanka asibiti. Ga shi sau biyu a wata sai an kai shi an auna idon. Mun gwada keke napep na ɗan lokaci. Ran da ya buga goshinsa a ƙarfen rufin keken wajen shiga, direban ya ce, “Baba, ba ka gani ne?” ranar na ce zan koyi mota.

Wadda ta koya mini ƙawata ce tun muna 'yan mata, Ibo ce amma haifaffiyar Sabon Gari, tana sayar da manja da garin rogo a kasuwa. Hausarta ta fi ta wasu Hausawan kaifi, musamman in an zo wajen faɗa. Tana da tsohuwar a-kori-kura da take tuƙawa da kanta. Duk Lahadi bayan an tashi daga sujada sai ta zo ta ɗauke ni a motar maigidana, mu tafi wani filin ƙwallo a hanyar Bomo, ta jera jarkokin manja da babu komai a ciki, ta ce in bi ta tsakaninsu gaba da baya.

“Tica, saki kuloci a hankali! Mota ce, ba kunnen ɗalibi ba!”

Wata huɗu muna haka. Na murƙushe mata jarka ta fi biyar. Amma na iya. Na kai ga ina shiga Kwangila da tsakar rana, manyan motoci na huci a bayana, ’yan acaba na shiga ta ko'ina, ko a jikina. Littafin dokokin hanya kuwa na haddace shi kamar yadda nake sa yara su haddace jadawalin sau. Mutane da yawa sun ce mini in bar wahalar da kaina, akwai masu kawo wa mutum lasin har gida ba tare da ya taka ƙafarsa wurin gwaji ba. Na ƙi. Shekarata ashirin da shida ina korar masu satar amsa, ba zan fara da furfurata ba.

Ranar gwajin maigidana ya ce sai ya bi mu. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa majami'a da baƙin tabarau, ya ɗauki sandarsa. Muka zaunar da shi a kan benci a gindin wani dogon yaro a harabar wurin, cikin Sabon Gari, inda masu jiran layi suke zaune.

Mai gwajin dogo ne siriri, ba zai wuce arba'in da 'yan kai ba. Farar rigarsa ta aiki ta sha guga har tana da kaifi, yana da ɗan tabo a haɓa. A hannu ɗaya allon takardu, a ɗayan gorar kunun aya mai sanyi. Wanda aka kira kafin ni wani magidanci ne da shadda ruwan toka. An ce ya yi ribas tsakanin durom biyu, ya kayar da na hagu. Aka tayar, ya sake, ya kuma kayar da shi. Mai gwajin ya yi dariya har da dafa motar.

“Yallaɓai, a tausaya wa durom ɗin nan, shi kaɗai gare mu.”

Suka fita titi, suka dawo suna hira, mutumin ya tafi da takardarsa yana murmushi. Na ce a raina, ashe abin da sauƙi.

Da aka zo kaina na shige tsakanin durom ɗin nan ko iska ban taɓa musu ba. Ƙawata ta tafa daga nesa. Mai gwajin ya shigo ya zauna a gefena, ya buɗe gorarsa, ya ce in fita in yi dama. Muka bi ta bayan kasuwa. Na ba da sigina inda ya kamata, na duba madubi, na sauya giya lafiya lau. Muna dab da titin jirgi sai ga wani keke napep, an lafta masa rake har ya rufe direban, ya faɗo daga wani lungu ya ratsa gabana. Na taka birki da duk ƙarfina. Kuloci ne ban taka ba. Motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu, hancinta bai fi taki ɗaya da raken ba. Shi kuwa a daidai lokacin ya kai gorar baki. Kunun ya wanke masa gaban riga tun daga wuya har ciki.

Na tayar da motar nan take. Na ce, “Yi haƙuri, ranka ya daɗe.”

Ya ciro hankici yana gogawa, abin yana ƙara yaɗuwa. Can ya ce, “Juya. Mu koma.”

Jikina ya riga ya mutu. Da muka zo ƙofar harabar na shige ban ba da sigina ba. Wannan laifina ne, ban taɓa musu ba.

Da ya tsaya a cikin mota ya gaya mini na faɗi, da na haɗiye na tafi. Amma sai da ya fita, ya taka har gindin dogon yaron nan inda mutane suka fi ashirin, sannan ya ɗaga murya.

“Mama, kin faɗi. Kin kashe mota a tsakiyar titi, kin taka birki kamar za ki jefar da mutum ta gilashi, kin shigo babu sigina.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, da ban taka birkin nan ba da yanzu gawa ake ɗauka.”

“Ba a hana ki taka birki ba. Cewa aka yi ki iya mota.”

“Wanda ya riga ni fa? Sau biyu ya kayar da durom a gaban kowa.”

Ya dube ni daga ɗankwali har takalmi. Sai ya yi murmushi, ya juya ga mutanen da ke zaune kamar mai neman shaidu.

“Mama, ki ji shawara. A shekarunki me kike nema a kan titi? Ki koma gida ki huta, 'ya'yanki su riƙa kai ki unguwa. Ko ba ki haifa ba ne?”

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi. Sai na ji ƙarar sanda. Maigidana ne ya miƙe, yana lalube, gwiwarsa ta bugi bakin bencin, ya kusa faɗuwa. Ya tsaya ya gyara kwat ɗinsa, ya fuskanci inda yake zaton nake, ya ɗan kauce kaɗan, ya ce, “Malama, mu tafi gida.”

Ƙawata ce ta tuƙa mu. Tun daga Sabon Gari har Samaru bakinta bai rufu ba. Ta ce gobe za ta koma da jarkar manja ta ƙarasa masa rinin rigar. Ta ce ta san irinsu, a gida ko kaza ba ta jin tsoronsu. Ni kuwa a raina wani abu ya riga ya zauna, mai nauyi, mai sanyi, kuma na san ba zai tashi da wuri ba.

Ni ma aikina ke nan, gwada mutane. Na san yadda ake duba takarda. Yaro ya bi hanyar lissafi daidai tun daga sama, ya zo layin ƙarshe ya yi tuntuɓe, ba ka ba shi sifili. Kana ba shi makin hanya, ka cire na tuntuɓen. Kuma abin da ka yafe wa na benci na farko, dole ka yafe wa na benci na ƙarshe. Na kwana na tashi ina jujjuya abin. Wane direba ne a garin nan mota ba ta taɓa mutuwa a hannunsa ba? Sigina na yarda, a cire mini. Amma na san ba sigina ce ta kayar da ni ba. Kunun aya ne.

Ba zan ɓoye ba, na yi wa mai gwajin nan mugun fata iri-iri. Ina wanke-wanke sai in ga motarsa ta mutu a ƙarƙashin gadar Kwangila ana tsuga ruwa, kowa na danna masa hon. Ina guga sai in ga dutsen guga ya cinye masa farar rigar nan ranar da manyansa za su zo. A majami'a, in an zo wurin da muke roƙon a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa wasu, sai in motsa leɓe kawai. Ƙawata ta binciko mini cewa a unguwar Hanwa yake zaune, wata mai sayen manja a wurinta maƙwabciyarsa ce. Ban san abin da zan yi da wannan labarin ba, amma na adana shi.

Na rubuta takardar ƙorafi, shafi huɗu. Na karanta wa maigidana. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Rubutu ya yi kyau, Malama. Wa zai karanta?” Na kai ofishinsu duk da haka. Har yau ban ji amsa ba.

Muka koma filin Bomo. Wannan karon ƙawata ta sauya salo. Ina cikin tafiya sai ta ƙwala ihu, “Akuya!” ni kuwa in taka birki da kuloci tare. Wani lokaci ta shafe minti goma tana ba ni labarin tsadar manja, sai kawai, “Akuya!” Har a mafarki ƙafafuna biyu suna takawa. Sati shida na yi, kuma duk tsawon lokacin ina shirya maganar da zan gaya wa mai gwajin bayan ya sa hannu a takardata. Na tsara ta, na rage, na ƙara, na haddace.

Ranar da na koma, ba ya nan. An ce ya tafi hutu. Wata matashiyar ma'aikaciya ce ta gwada ni, mai sanyin murya. Muka bi hanyar nan dai ta bayan kasuwa. Muna hawa tudun titin jirgi, ban san me ya same ni ba, ƙafata ta saki kuloci da wuri, motar ta mutu. Babu keke, babu akuya, babu komai a gabana. Na riƙe sitiyari ina jiran hukunci.

Ta ce, “Tayar da ita, Mama. Kowa na yi.”

Ta ba ni takardata. Na fito cike da haushi. Maigidana ya kasa gane ni. Ya ce, “Ba kin ci ba?” Na ce na ci. Ya ce, “To, wa ya mutu?” Yaya zan yi masa bayani? Yarinyar nan ta tabbatar mini da abin da nake zargi, cewa laifin da aka tozarta ni a kansa ba laifi ba ne, ga maganata kuma da na dafa sati shida tana nan a cikina babu wanda zan juye wa.

Damina ta wuce. Na saba da kai maigidana asibiti, na saba da zuwa makaranta da mota, har ’yan ajina suka daina leƙowa ta taga suna kallon yadda nake fakin. Na ɗauka abin ya fara sanyi.

Bayan an fara girbi ake yin jarrabawar kammala sakandare ta masu zaman kansu, wato waɗanda suka daɗe da barin makaranta suna neman cike abin da suka rasa. Makarantarmu na cikin wuraren da ake rubutawa, ni kuma kusan duk shekara ina cikin masu sa ido. Ina son wannan aikin. Za ka ga tela, ka ga mai gadi, ka ga uwar 'ya'ya biyar, kowa ya matse a bencin yara yana cizon biro.

Ranar takardar lissafi aka ba ni babban ɗaki. Na tsaya a gaba na faɗi doka sau uku kamar kullum: duk mai waya ya fita ya ajiye ta a waje, wanda aka kama da ita a ciki takardarsa ta mutu. Sannan na fara bi layi-layi ina duba hoton kowa da fuskarsa. A layi na uku, kusa da taga, wani dogon mutum da kaftani mai ruwan ƙasa ya zauna a karkace don gwiwoyinsa sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur. Ya miƙo katinsa, ya ɗago kai. Na ga tabon haɓar.

“Sannu da aiki, Malama,” in ji shi, da ladabi.

Bai gane ni ba. Ko alama. Na daɗe ina duba katin fiye da yadda ya kamata, na ajiye masa, na wuce. Na koma teburina na zauna, na ce wa kaina babu abin da zan yi, ba ni da abin yi ma. Mutum ya zo rubuta jarrabawarsa. Amma idona bai bar layi na uku ba.

Dole in faɗi wani abu a nan, don in ban faɗa ba labarin ya zama ƙarya. Dokar waya tana da tsauri a takarda, amma ba haka muke yi ba. Duk shekara sai wani ya manta. In na ga mantuwa ce, ba satar amsa ba, sai in karɓi wayar in ajiye a teburina, in an tashi in mayar. A ranar ma, ba a yi minti goma da farawa ba wayar wata mata mai goyon ciki ta yi ƙara a jakarta. Na karɓa, na harare ta, na ce ta ci gaba. Kowa a ɗakin ya gani.

An ci kamar awa ɗaya, ɗaki ya yi tsit sai ƙarar takardu, sai wata waƙa ta tashi. Waƙar sujada ce, irin wadda muke yi a majami'a lokacin baiko, wato sa'ad da ake tara sadaka, da 'yar siririyar muryar ƙaramar waya. Daga layi na uku take fitowa. Na ga ya daskare. Ya shiga lalube, ya ɗaga kaftani, ya zaro ta daga aljihun wando, 'yar ƙarama mai madannai, yana ta danne-danne ta ƙi mutuwa.

Na tashi. Ban yi sauri ba. Na taka a hankali har gabansa, na miƙa hannu, ya sa mini ita a tafi.

“Malama, na rantse mantuwa ce. Babbar na bari a waje. Wannan ta gida ce, matata ce ke kira.”

Na duba takardarsa. Rubutu tsaf, layi bayan layi, ya ja layi da rula a ƙarƙashin kowace amsa. Idon malamar lissafi ba ya buƙatar minti ɗaya. Tambaya huɗu ya yi, uku daidai suke, ta huɗun ma yana kan hanya. Mutumin nan zai ci. Wayar kuwa ko hoto ba ta ɗauka, babu abin da za a sata da ita.

Na ɗauke takardar daga gabansa. Na ce, “Biyo ni.”

A baranda na sa malamin da muke sa ido tare ya kula da ɗakin, na ciro fom ɗin da ake cikewa in an kama mutum. Ya ga fom ɗin, fuskarsa ta sauya.

“Malama, don girman Allah. Wannan ne zuwana na uku. Lissafin nan kaɗai ya tsare ni. Shekara tara ina matsayi ɗaya a wurin aiki, yaran da na koya wa aiki sun zama manyana. Wata shida ina zuwa darasin yamma. Ki dubi Allah.”

Na ci gaba da rubutu.

“Ai ɗazu wayar waccan matar ta yi ƙara, kika karɓa kawai. Kowa ya gani.”

Na ɗago na dube shi. Na ce, “Ka gane ni?”

Ya ƙura mini ido, yana nema da gaske. Ya girgiza kai.

Na ce, “Watan da aka fara ruwa na zo gwajin tuƙi wurinka. Keke ya ratsa gabana a titin jirgi. Kunun aya ya zube maka a riga.”

Ya ɗan yamutsa fuska. “Mama, mutanen da nake gwadawa a sati suna da yawa...”

“Ka tsaya a gaban jama'a, a gaban mijina da ba ya gani, ka tambaye ni ko ban haifa ba.”

A hankali ya ce, “Ni na faɗi haka?”

“Kai.”

“Wasa ne, Mama. Bakina ne, haka nake da kowa. Ban sani ba...”

“Ban haifa ba,” na ce masa. “Tunda ka tambaya, ga amsarka.”

Wannan ba ta cikin maganar da na haddace. Waccan duk ta gudu. Abin da ya fi ƙona ni shi ne da gaske bai tuna ba. Ni na yi wata bakwai ina ɗauke da shi kamar dutse a ƙirji, shi kuwa ko a rigarsa abin bai bar tabo ba.

Sai ya durƙusa. Dogo da shi, a kan simintin baranda, ya kama bakin teburin da nake rubutu. Masu jarrabawa na leƙowa ta taga. Ya ce in yafe masa, ya ce yana da 'ya'ya huɗu, ya ce zai zo har gida ya ba maigidana haƙuri. Na san a lokacin cewa in na yaga fom ɗin nan babu wanda zai tambaye ni. Na san kuma abin da ake koya mana duk Lahadi. Na tsaya na saurari zuciyata ko zan ji tausayi. Ban ji ba. Daɗi na ji, wani irin daɗi mai sanyi da ya sauka tun daga wuyana har tafin ƙafa.

Na sa hannu. Na kira babban mai sa ido da aka turo daga waje, na nuna masa waya da takarda. Ya tambaye shi ko wayarsa ce, ya ce tasa ce. Ya tambaye shi ko an faɗi doka, ya ce an faɗa. Shi ke nan, ya sa nasa hannun, aka liƙe takardar da wayar a ambulan. Na tsaya ina kallonsa ya ratsa filin makaranta shi kaɗai, rula da fensir a hannu, har ya fita ƙofa.

A hanyar gida na tsaya na sayi balangu. Na daɗe ban ci abinci da daɗi kamar na ranar ba. Muna cikin ci na ba maigidana labari, tun daga farko, ina yi ina dariya. Ban lura ya daina ci ba sai da na kai ƙarshe.

Ya ce, “Takardar tasa, ya iya?”

Na ce, “Ya iya.”

“Kuma ba sata ya yi ba.”

“Doka ce.”

Ya laluba ya ture kwanon gabansa kaɗan. Ya ce, “Dariyar nan da ni da ke aka yi wa, Malama. Ni ban aike ki ba.”

Na ce, “Ban ce ka aike ni ba.”

Bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Ƙawata kuwa da na gaya mata, fitowa ta yi gaban rumfarta ta taka rawa, ta ba ni kwalbar manja kyauta, ta ce ashe Tica ma tana da haƙora. Na yi wata biyu ban je cin jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a majami'a. In an fara rabawa sai in zauna a kujerata ina duba littafin waƙa. Daga baya na koma ina karɓa, ba don na warware komai ba, sai don matan zumuntar majami'a sun fara tambaya.

Shekara ta zagayo, aka sake jarrabawar. Da safen ranar lissafi ina shigowa na hango shi a bakin ƙofar makaranta, wajen matar da ke suyar ƙosai. Ya ba ta wayoyinsa biyu ta ajiye masa, sannan ya zazzage aljihunansa ɗaya bayan ɗaya, na riga da na wando, ya shafa jikinsa, ya sake shafawa. Da ya juyo muka haɗa ido. Wannan karon ya gane ni. Ya matsa gefe, ya cire hula.

“Ina kwana, Malama.”

“Lafiya,” na ce, na wuce.

Ba ɗakina aka sa shi ba. Da sakamako ya fito bayan wasu watanni, aka kawo jerin na cibiyarmu ofishin shugaban makaranta. Na shiga kamar mai neman alli, na buɗe fayil ɗin, na bi da yatsa har na samo shi. Ya ci, da ƙyar, a matakin ƙarshe da ake karɓa. Na tsaya ina kallon wurin, kuma gaskiya ita ce na ɗan ji haushi. Na rufe fayil ɗin na mayar inda yake, na ɗauki alli biyu na tafi aji, don an riga an kaɗa ƙararrawa.